Darasi a Kan Takardar Shaidar Lafiyar Kaya, Domin Masu Fitar da Amfanin Gona da Kayan Dabba Waje

Ya ku 'yan'uwa fatake da dillalai da ma'auna da masu sito. Darasinmu na wannan fitowa a kan wata takarda ne, wadda in an ɗora ta a sikeli ba ta kai nauyin goro guda ba, amma in babu ita, ko tirela goma ka jera a bakin teku nan za su kwana. Watau takardar shaidar lafiyar kaya.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar, tun da kaka ta kama samari suke zuwa rumfarmu suna tambaya: "Alhaji, mu yaushe za mu daina sayar wa kamfani, mu riƙa aikawa waje da kanmu?" Tambaya ce mai kyau. Duk mai duba shafin farashi ya san riɗi da zoɓorodo da citta da ƙaro, kuɗinsu a waje ake yanka shi kafin labari ya iso Dawanau. To amma da yawansu sun ɗauka takardar nan kamar rasit ɗin haraji ce, ka je ofis ka biya a buga maka hatimi. Ba haka ba ne. Ita shaida ce, mai shaida kuwa abin da ya gani shi yake faɗa. Abin da za a rubuta a cikinta, tun a masussuka da wurin shanya da cikin sito aka gama shirya shi, kuma mu ne muka shirya da hannunmu.

Fasali na ɗaya: asalin takardar da masu bayar da ita

Ka sani, ya ɗan'uwa, kowace ƙasa tana tsoron abu uku daga kayan baƙo. Kada su shigo mata da ƙwaron da zai cinye gonakinta, kada su shigo da cutar da za ta kashe dabbobinta, kada kuma mutanenta su ci abin da zai cuce su. Saboda haka ƙasashen duniya suka zauna a kan kowane ɗaya. Ta dabbobi ce ta fara. A 1920 an ɗauko shanu daga Indiya za a kai Barazil, jirgin ya ya da zango a Beljiyam, sai bushiya ta ɓulla a can. Wannan firgita ce ta sa aka kafa ofishin lafiyar dabbobi na duniya a Faris a 1924. Yarjejeniyar kare tsirrai aka ƙulla ta a 1951, ƙarƙashin hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai mazauni a Roma. Hukumar ƙa'idojin abinci, wadda ake kira Kodeks, ta biyo baya a 1963. Sa'an nan da aka kafa ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, aka bar wa kowace ƙasa ikon ƙin kaya saboda lafiya, muddin tana da hujja ta bincike.

Ma'anar wannan a gare mu ita ce, mai saye na waje ba ya karɓar rantsuwar ɗan kasuwa. Gwamnati yake so ta tsaya wa gwamnati. Kun san yadda ake yi a kara: baƙo ya zo da saniya, ba wanda ya san shi, sai dillali ya tsaya masa, in ta fito ta sata dillalin ake kamawa. To hukuma ita ce dillalin da ke tsaya wa kayanka. In an kama ta da shaidar da ba ta gaskata ba sau ɗaya, sau biyu, sai a daina karɓar shaidarta a kan kowa, har da kai da ba ka yi laifi ba.

A Nijeriya masu tsayawar huɗu ne. Na farko hukumar killace kayan gona, NAQS, wadda aka sa hannu a dokar kafa ta a 2018. Ita ke ba da takardar lafiyar tsirrai, wadda masu fitar da kaya suke ce wa faito, a kan ɗanyen amfanin gona irin su riɗi da wake da waken suya da zoɓorodo. Na biyu NAFDAC, da aka kafa a 1993. Ita ke shaidar abin da aka sarrafa domin ci, kamar garin rogo da yaji da man gyaɗa da dakakkiyar citta, tana kuma da ɗakunan gwaji a Oshodi ta Ikko da Kaduna. Na uku hukumar duba amfanin gona ta tarayya, FPIS, mai duba kyan kaya da nauyi da buhu da turare, irin aikin da iyayenmu suke ba mu labarin malaman duba gyaɗa suna yi zamanin dala. Na huɗu ofishin babban likitan dabbobi na tarayya, mai sa hannu a takardar dabba da duk abin da ya fito daga jikinta. Kaya ɗaya yakan bukaci biyu ko uku daga cikinsu, gwargwadon abin da ƙasar da za a kai ta nema.

Fasali na biyu: abin da ya sami wake

Duk duniya babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake irin namu, Nijar ke bi mata. Amma a watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen wakenmu. Dalili kuwa, daga Janairun 2013 zuwa lokacin, fiye da sau 50 masu bincikensu suna kama kayanmu da ragowar magani, akasari DDVP, wato guba ɗin nan da ke cikin fiya-fiya. Da farko shekara ɗaya aka yanka. A 2016 aka ƙara uku, a 2019 aka sake ƙara uku, wa'adin ya cika a 2022 ba a buɗe ba.

Bari mu yi lissafin a fili yadda kowa zai gane. Iyakar da suka sa ita ce miligiram 0.01 a kilo guda. Watau giram ɗaya tak na maganin a cikin tan 100, buhu 1,000 ke nan masu kilo ɗari-ɗari. Abin da suka samu a wakenmu ya tashi daga 0.03 har zuwa 4.6, wannan na ƙarshen ya ninka iyaka sau 460. Ashe murfin kwalba ɗaya da yaronka ya yayyafa a kan tari ya isa ya ɓata sito guda, ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma na'ura tana gani.

Kada mu yi nisa wajen neman mai laifi. Ba Bature ne ya zo ya zuba ba. Mu ne, da muka ga ƙwaro zai mayar mana da jari gari, muka ɗauki maganin da aka yi domin feshin gona muka zuba a kan abinci. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni, amma hani bai isa ba in hannu ya saba. Abin da ya fi ciwo kuma, waken da Turawa suka ƙi, ba zubar da shi muke yi ba. 'Ya'yanmu ke cinsa a ƙosai da alale.

Alhali kuwa akwai hanyar da ba ta bukatar guba ko ɗigo. Buhun PICS mai ciki uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masu bincike na Marwa ta Kamaru da na jami'ar Purdue ta Amurka suka gano dabararsa, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Ka busar da wake sarai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowane ciki daban. Ƙwaro numfashi yake yi kamar kowa, in iska ta ƙare masa sai ya mutu. Sharaɗinsa kada leda ta huje, kada ɓera ya kai gare shi, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba. Duro mai murfin da ke rufewa gam shi ma haka yake aiki, in an cika shi har baki.

Ƙwayar nan da muke ce wa bom, ita ma a san yadda ake riƙe ta. Ba a cusa ta tsirara a cikin hatsi. Hayaƙinta ne ke aiki, shi ya sa sai an lulluɓe tari da tamfol marar huda an danne gefensa, a bar shi kamar mako guda, sa'an nan a buɗe ya sha iska, a kwashe tokar a binne. Ba a sa ta a ɗakin da mutum ke kwana ko kusa da shi, domin hayaƙin nan yana kisa. Kayan da za su waje kuwa, ba kai za ka turara da kanka ba, sai mai lasin, wanda zai ba ka takardar turare da sunan magani da yawansa da kwanakin da ya yi.

Fasali na uku: sauran abubuwa uku da ke mayar da kaya

Na ɗaya hunhuna. Akwai wata irin hunhuna da ke kama gyaɗa da masara da barkono da agushi, tana barin dafi mai suna afulatoksin. An gano shi ne a 1960, sa'ad da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu saboda masarar da ta kamu. Kaɗan-kaɗan kuma in ana cinsa shekara da shekaru, hanta yake lalatawa har ya kai ga ciwon daji. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi. Turai ta sa iyakar maikirogiram 4 a kilo ga gyaɗar da za a ci kai tsaye, 15 ga wadda za a sake tsincewa. Amurka ta sa 20. Huɗun nan, in ka buga, giram ɗaya ne a tan 250, fiye da tirela takwas masu tan 30.

Ta ina take shiga? In ruwa ya ɗauke da wuri gyaɗa ta sha fari a ƙarshen damina, in an bar ta ta daɗe a ƙasa ba a cire ba, in fartanya ta sare kwanso, in an shanya a tsurar ƙasa, in an ɗura a buhu da sauran danshi. Mafi muni shi ne yayyafa mata ruwa domin ta yi saukin ɓarza ko ta ƙara nauyi a sikeli. Wannan algus ne, kuma shi ne kiran hunhuna da baki. Maganinta shanya a kan tamfol ko daɓe, tsince duk ƙwayar da ta motse ko ta canza launi ko ta fashe, jera buhu a kan katako nesa da bango. Tsabar gyaɗa kada danshinta ya wuce kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari, masara kada ta wuce 13. Cizo da haƙori yana taimako, amma na'urar awon danshi ta fi shi gaskiya, rumfa biyar za su iya haɗa kuɗi su sayi guda. Wanda ba shi da ita, ya sa busasshen gishiri da hatsin a busasshiyar kwalba ya girgiza ya ajiye, in gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsi rana. Ga manoman da kuke ba bashin iri kuma, ku gaya musu labarin Aflasafe na cibiyar IITA ta Ibadan, dawa ce da aka lulluɓe da hunhuna marar dafi, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin fure, sai ta rigayi mai dafin kama wuri. Tsintuwar da aka ware kuwa kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita ko a ba saniyar tatsa, domin dafin yana bi ta nono.

Na biyu ƙwaro mai rai. Mutanen Meksiko suna shan zoɓo kamar mu, sunansa a wurinsu hamaika, kuma su ne manyan masu sayen zoɓorodonmu na Jigawa da Kano da Katsina. A 2017 kusan kwantena 2,000 aka aika musu. Sai aka sami ƙwaron sito da ake kira kafra a wasu kaya, suka dakatar da saye baki ɗaya. Wanda ya tara kaya a Maigatari a wannan lokaci ba ya bukatar mu ba shi labari. Shekaru aka yi ana kai da kawowa kafin su sake buɗewa, da sharaɗin a turara kaya a ɗakuna na musamman da suka amince da su. Shi kafra ɗan ƙaramin ƙwaro ne, tsutsarsa mai gashi tana iya ɓuya a tsagar bango ko ɗinkin tsohon buhun algarara ta yi watanni ba ta ci komai ba. Saboda haka kayan waje sabon buhu ake sa musu, a share sito a turara shi kafin sabon kaya ya shiga, a kuma duba cikin kwantena da fitila kafin lodi. Ko katakon da za a jera buhu a kai yana da doka: sai an gasa shi zafin ya kai digiri 56 har tsakiyarsa na minti 30, ko an turara shi, an buga masa tambari.

Na uku ƙazanta, kuma nan ne mu kanmu muka sha. Akwai ƙwayar cuta mai suna salmonela, mai kawo zawo da zazzaɓi, tana zaune a kashin kaji da tsuntsaye da ɓera da ƙadangare. Riɗi kuwa a waje da yawa ba a dafa shi, niƙa shi ake yi a ci, shi ya sa Turai take tsananta binciken riɗinmu. Suna ɗibar samfur biyar, kowane giram 25, in an ga ƙwayar a ɗaya an ƙi kayan duka.

Wata shekara mu shida muka haɗa jari muka cika kwantena guda, tan 19, buhu 380 masu kilo hamsin-hamsin. Da za a kai samfur gwaji, sai muka ɗiba daga buhunan gaba, waɗanda muka san asalinsu. Sakamako ya fito fes, muka yi murna. Kaya suka isa, masu binciken can suka soka bututunsu inda suka ga dama, suka sami ƙwayar. Aka ce mu zaɓa, ko a ƙona, ko a dawo da su, duk a aljihunmu, ga kuɗin kwanan kwantena yana hawa kullum. Da muka bi sawu, sai muka tarar buhunan da muka saya cikin gaggawa ranar kasuwar wani ƙauye domin cika lissafi, a zauren da kaji ke kwana aka ajiye su. Riba ta tafi, ta ja wani yanki na uwa, biyu daga cikinmu sai da manya suka shiga tsakani kafin su koma gaisawa. Ba ɗakin gwaji ne ya yaudare mu ba, abin da muka kai masa shi ya auna. Tun daga ranar, samfur daga gaba da tsakiya da ƙurya muke ɗiba, sama da ƙasa, a gauraya.

Fasali na huɗu: yadda ake bi daki-daki

Da farko, tun ba ka sayi mudu ɗaya ba, ka sa mai saye ya aiko maka da sharuɗɗan ƙasarsa a rubuce, da takardar izinin shigarwa in ƙasar tana ba da ita. Abin da Japan ke dubawa a riɗi ba lalle ne shi Turkiyya ko Sin ke dubawa ba. Hukumarmu a kan sharaɗin ƙasar da za a kai take ba da shaida.

Na biyu, ka tambayi kwastan ko kayan suna cikin jerin waɗanda aka hana fitarwa. Masara ta daɗe a jerin nan, haka ɗanyar fata da ƙirgi. Jerin kuma yana motsi: a watan Agusta na 2025 gwamnati ta dakatar da fitar da ƙwaran kaɗanya na wata shida, wasu kayansu na kan hanya labari ya same su.

Na uku, rajista. Sai kana da kamfani mai rajista a CAC, ko ƙungiyar gama kai mai rajista, sa'an nan hukumar bunƙasa fitar da kaya, NEPC, wadda aka kafa a 1976, ta ba ka takardar zama mai fitar da kaya. Ta intanet ake nema. Masu ƙaramin jari, ƙungiyar ta fi muku sauƙi.

Na huɗu, banki. A nan ake cika fam ɗin NXP, a biya kuɗin duba kaya, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙimarsu. Kuɗin cinikin kuma doka ta ce su dawo ta bankin cikin kwana 180.

Na biyar, shirya kaya. A rairaye, a tsince, a zuba a sabon buhu, kowane rukuni da lambarsa. Ka ajiye littafi: wannan rukuni daga kasuwa kaza, hannun wane, ranar kaza, an sa magani kaza ko ba a sa ba. In da muna da littafin nan a shekarar da muka faɗa, da buhu talatin muka ware, ba kwantena muka rasa ba.

Na shida, ka rubuta wa NAQS, da NAFDAC in kayan nata ne, su zo su duba su ɗibi samfur da hannunsu. Gwaji yana cin kwanaki, saboda haka kada ka kama jirgi sa'an nan ka zo kana roƙon a yi maka sauri. In sakamako ya yi kyau a turara, a yi lodi a gabansu da kwastan, a buga kwaɗon hatimi. Ba dole sai Apapa ko Tin Can ko Onne ake wannan ba, akwai tashar tudu ta Kaduna da aka buɗe a 2018, da ta Dala a Zawaciki ta Kano a 2023.

Na bakwai, in takarda ta fito kada ka naɗe ta ka sa aljihu. Ka samu wanda ya iya ya karanta maka ita layi-layi. Sunanka, sunan mai saye, sunan kaya, yawan buhu, nauyi, lambar kwantena, lambar hatimi, duk su yi daidai da na takardar farashi da ta jirgi. Harafi ɗaya ya saɓa, kaya sun tsaya. Ba a gogewa, ba a gyarawa da biro. Ka kuma lura da kwanan wata, domin Turai ba ta karɓar faito da aka bayar fiye da kwana 14 kafin kaya su bar ƙasa.

Fasali na biyar: dabba da abin da ya fito daga jikinta

Nan ƙofar ta fi ƙunci. Muna yara a makarantar allo a 1983 muka ga abin da bushiya ta yi wa garkunan Fulani, wanda ya gani ba zai yi mamakin tsoron da ƙasashe ke yi ba. Ita an shelanta ƙarewarta a duniya a 2011. Amma ciwon baki da kofato yana nan, ciwon huhu na shanu yana nan, murar tsuntsaye ta fara ɓulla a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, ciwon saifa kuma aka tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja a Yulin 2023.

Ga nama da madara da ƙwai da kifi, manyan kasuwanni irin Turai ƙofa uku suke sawa. Sai ƙasarku tana cikin jerin da suka amince da shi, sai mayanka ko masana'antar tana cikin jerin, sa'an nan likitan gwamnati ya sa hannu a kan kayan. In ta farko a rufe take, tsabtarka ba ta buɗe maka ta uku. Dalilin ke nan da ya sa ake ƙwace kilishi a jakar matafiyi a filin jirgin Turai da Amurka, komai kyan naɗinsa. Ku dubi kuma abin da ya sami masu busasshiyar tarwaɗa. A watan Maris na 2018 Amurka ta daina karɓar ta daga Nijeriya, ba don an kama cuta a wani kwali ba, sai don bayanin da ta nema a kan yadda ake duba kifin a gida bai cika ba a kan lokaci. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, aikin ƙungiyoyinmu ne su riƙa bin hukuma suna tambaya ina aka kwana.

Fata ita ce tsohuwar hajarmu. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara tun da daɗewa, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Yau sai an jeme ta a masana'antu irin na Challawa da Sharaɗa take fita. Amma shaidarta daga mahauta take farawa. Likita yana so ya san dabbar an duba ta kafin yanka da bayan yanka, ba mushe ba ce, ba daga yankin da annoba ta ɓulla ba. Domin kashe ƙwayar ciwon baki da kofato, ƙa'idar duniya ita ce fata ta yi kwana 28 a gishirin da aka gauraya da soda kashi 2 cikin ɗari. Masu tara ƙaho da ƙashi da kofato su ma takardar likita da ta turare suke bukata.

Ku kiyaye wannan, ya ku 'yan fata da masu ganda. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya ta mutu, jini baƙi yana fita ta hanci da baki da dubura ba ya daskarewa, kada a feɗe ta, kada a sayi fatarta ko kyauta ce. Alamar saifa ke nan, tana kama mutum, ƙwayarta kuma tana shekaru masu yawa a ƙasa ba ta mutu ba. A kira malamin dabbobi, a binne ta da zurfi. Rigakafinta akwai shi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da aka kafa a 1924, tana yin sa.

Fasali na shida: mas'aloli uku da aka aiko mana

Wani ya ce, akwai mai cewa zai samo masa faito cikin kwana ɗaya ba sai an ga kaya ba. Amsa: ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka. Ko takardar jabu ce, ko ta gaske ce aka bayar ba a duba ba, duka biyu a can za a sake soka buhu. Turai tana da tsarin sanarwa tun 1979, in tasha ɗaya ta kama kaya, duk sauran ƙasashenta sun ji. Ka sayi takarda ka kai kanka inda ba ka da kowa.

Wani ya ce, shi dillali ne, la'adarsa kawai yake karɓa, ina ruwansa. Amsa: malam, kai ne ma ka fi kowa ruwa. Kai ka san wane ƙauye ke shanya a kan kwalta, wane mai sito ke da saurin hannu da fiya-fiya, wane ne ke gauraya tsoho da sabo. In ka faɗa wa mai saye gaskiya ka rasa la'adar yau, in ka ɓoye aka rufe ƙofa ka rasa ta shekaru. Dillalan wake na waje ina la'adarsu tun 2015?

Wani kuma ya ce, shi ta tudu yake kai kaya maƙwabta, ko shi ma sai da takarda? Amsa: ƙa'ida ɗaya ce, ma'aikatan killace kaya suna nan a kan iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari. Sanayya takan wuce da mutum yau, amma ranar da annoba ta ɓulla, mai takarda shi ke da abin nunawa.

Nan za mu dakata. Muna roƙon shugabannin layuka da sarakunan dillalai su karanta wa yaran shago fasali na biyu da na uku, domin su ne masu riƙe da kwalba da tsintsiya. Wanda yake da tambaya ya aiko ta hannun mai kawo takarda, za mu amsa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.